Awon bakin Alhaji

A layinmu na New Bell akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Mboppi, ɗan Najeriya ne, bai daɗe da zuwa Douala ba. Faransanci bai zauna masa ba, don haka duk inda zai je ni yake ja in yi masa tafinta. Ni kuwa karatuna na allo ne da ajami, Faransancin a titi na tsince shi, amma yana biyan buƙata.

Bensikin, wato ɗan acaɓa, ya kayar da shi a unguwar Ndokoti, haƙoransa na gaba suka zube. Likita ta dasa masa ƙusoshi a ƙashin muƙamuƙi, aka jira wajen ya warke. Saura a auna bakin a ƙera haƙoran da za a ɗaura a kansu. Ga ɗaurin auren 'yar ƙanensa ya matso, shi ne waliyyi, ya rantse ba zai yi magana gaban jama'a da wawulo ba.

Likitar ta ce hanya biyu ce. Ko ta zagaya bakin da wata na'ura mai kamar alƙalami, siffarsa ta fito a kwamfuta, ko ta cika ɗan faranti da kwaɓi ya ciza har ya daskare. Ta ce a irin nasa duka biyun suna fitar da awo daidai, sai dai kwaɓin ba ya yafe motsi.

Da na fassara masa, sai ya gyara zaman hula.

"Malam, gaya mata ni ba a ɗaukar hoton cikin bakina. Ina da iyali."

"Alhaji, ba hoto ba ne irin na bango."

"Kai ma boko ya taɓa ka ne?"

Shi ne fa mutumin da hoton fuskarsa ke manne a kan kalandar shagonsa, yana murmushi da haƙoran da suka tafi.

Ranar Litinin ce, yana azumin nafila, kuma tun daga ƙofar asibitin ya sanar da mai gadi. Likita ta ce a ɗaga zuwa Talata. Ya ƙi, wai shi ibada ba ta hana shi komai. Aka cusa masa farantin. Nan tsoro ya kama shi kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Ya dinga tura harshe, yana karkata kai, yana istigfari da baki cike.

"Ne bougez pas, monsieur!" in ji likita.

"Ta ce kada ka motsa," na ce.

Ya ɗaga mini yatsa, alamar in bar shi da Ubangijinsa. Na san malaman da suka tsufa kan littattafan fiƙihu, ban ga wanda ya mai da azumin nafila abin tashin hankali haka ba. Da aka cire, likitar ta duba, ta ce ba ta gamsu ba, a sake. Alhaji ya ce ya gama, ai bakinsa ba turmi ba ne. Haka aka kai awon wurin masu ƙira.

Haƙoran suka iso ana jibi ɗaurin aure. Ta ɗora su, gefe ɗaya ya zauna, ɗayan yana lilo. Ta ce ba za ta ɗaure ba, in ta matsa da ƙarfi ƙusoshin ne za su sha wuya, har ƙashin ya iya lalacewa. Sai a sake awo, a sake ƙira. Alhaji ya ce in gaya mata a Kano da tuni an gama. Ban fassara ba.

Ranar ɗaurin aure a unguwar Bépanda ya zo da rawani, ya ja amawali har hanci, cikin zafin nan na Douala mai jiƙa riga. Da liman ya tambayi waliyyi, abin da ya fito daga bayan ƙyallen bai kai sahu na biyu ba. Liman ya sake tambaya. Daga ƙarshe ƙanen ya matso ya ce ya bayar, aka shafa fatiha. Da aka kawo gasasshen nama, Alhaji ya ce a ba shi kunu.