Gwadabe da Na'urar Iyaka

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadamarmu ta gabashin Haɗeja ya san Gwadabe Mai Tauraro. Da can matuƙin kwalekwale ne, ba ya cas ba ya as. Wata shekara ya yi ta yawo da wasu baƙi masu kallon tsuntsaye a cikin dausayi, da za su tafi suka bar masa 'yar na'urarsu ta jifiyas, rawaya, kamar sabulun wanki. Suka nuna masa yadda ake danna ta ta riƙe wuri, ko an shekara ta mai da mutum daidai inda ya tsaya.

Mu kuwa ciwonmu ɗaya ne. Kowace damina ambaliya takan share iyakokin gonaki, ruwa na janyewa sai rantse-rantse da zare ido. Gwadabe ya bi gona-gona ya danna kusurwar kowa. Daga nan magana ta ƙare: ya ɗaga na'ura sama, ya yamutsa fuska, ya ce a kafa turke nan. Wa zai yi musu da tauraron ɗan Adam? Har Bulama ya koma zama da shi a tabarma ɗaya. Ni kaina haushi yake ba ni, mutumin da ko sallama ba a amsa masa da ƙarfi, yanzu sai ya zo ake buɗe taro.

Ashe na'urar ta daɗe da mutuwa. Ta faɗa ruwa tun shekara ta biyu, Gwadabe ya shanya ta a rana, ta ƙi farfaɗowa, shi kuma ya ƙi sauka daga tabarmar Bulama. Sai ya ɗinka mata jakar fata, yana leƙawa shi kaɗai, yana yanke hukunci da ka. Allah Ya rufa asiri, ba a taɓa zaman lafiya irin na lokacin ba.

Asabe ce ta gano shi, wata dattijuwa mai gona jikin tasa. Tana tsaye a bayansa ranar awo, ta hango gilashin baƙi ƙirin. Ba ta ɗaga murya ba, sai da mutane suka yi gaba.

"Malam Gwadabe, tauraron naka barci yake yi ne?"

Ya matso kusa da ita, ya rage murya. "Yaya Asabe, ki rufa mini asiri."

"Ni wa zan gaya wa? Sai dai ka sake tambayarsa, ina jin iyakata ta wuce giginyar can."

Gwadabe ya leƙa jaka, ya kira jama'a ya ce lallai iyakar Asabe ta wuce giginya. Da bakinsa ya yanka mata gonarsa, mutane suna ta yabon adalcinsa. Tun daga nan kowace shekara tauraron sai ya ƙara mata kunya biyu ko uku.

Bana na tarar da shi a ɗan abin da ya rage masa na gona, ya ba ni tausayi ƙwarai. Ya ja ni gefe ya zayyana mini komai, ya tambaye ni ko ana gyara irinta. Na ce akwai masu yi a Kano, gobe ma in kai masa.

Ya daɗe yana juya jakar a hannunsa.

"Bar ta kawai," in ji shi. "In ta farka, ba iyakar Asabe kaɗai za ta ƙaryata ba."