Takalmin Kawu a Kan Tsauni

Kawuna ya shekara arba'in yana yi wa masu hawan tsauni jagora, bai taɓa sa takalmi ba, domin tafin ƙafarsa shi ne idonsa. Ni na saya masa takalmi, na matsa masa ya sa. Muna cikin hawa, a wata siririyar hanya a bakin kwazazzabo, ƙafarsa ta zame. Ya rungume dutse, tsakuwa tana gangarawa ba a jin saukarta. 

"Ɗan nan," in ji shi a hankali, "kwance mini igiyar takalmin nan, kyautarka za ta kashe ni."

Na rarrafa na cire masa. Yatsun ƙafarsa suka laluba dutsen, suka kama. Takalmin kuwa ya faɗa kwazazzabon, har yau yana can ƙasa.