Na Raka Mara Lafiya, Ni Ma Na Sha Magani

Shekarun baya, lokacin da nake noman auduga a Gozaki, akwai wani abokina da ke zuwa daga can arewa duk kaka tare da 'yan garinsu, su yi mana aikin ɗiba. Mutum ne mai barkwanci, amma wata shekara sai na ga ya rame, ya daina raha.

Wata rana muna hutawa a gindin ɗorawa na matsa masa da tambaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mai gona, jini nake gani a ƙarshen fitsari. Tsorona kada a ce ciwon sanyi ne. Wallahi ban taɓa bin matan banza ba, amma wa zai yarda? Bana ba zan koma wajen iyalina ba."

Na ce, "Hau mashin mu je Funtua."

A asibiti, da ma'aikaciyar gwaji ta miƙo masa 'yar kwalbar fitsari, kunya ta hana shi karɓa. Ni kuwa, don in ƙarfafa masa gwiwa, na bugi ƙirji na ce, "Malama, ba ni tawa, ya ga masu lafiya ma suna yi."

Da sakamako ya fito ta ce masa tsargiya ce, ba ruwanta da mace. Tsutsa ce mai shiga ta fata idan mutum yana shiga ruwan tafki ko fadama. Ya ce lallai ya yi aikin shinkafa kafin ya zo wajenmu. Sai ta juyo wajena ta ce, "Alhaji, kai kuma wane ruwa kake shiga? Ai akwai ƙwan tsutsar a naka fitsarin ma."

Na yi ƙasa da murya na ce nakan ɗan taɓa kamun kifi a bayan gari. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki.

Aka auna nauyinmu, aka ba mu ƙwayoyi, aka ce mu cika ciki kafin mu sha. Da ya ba 'yan garinsu labari, ashe da yawansu abin da suke ɓoyewa ke nan. Haka na yi ta jigilarsu a mashin. Shi kuwa, da aka gama ɗiba, ya koma gida da kumatunsa.

Har yau abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni tsoro. Saura kaɗan mutumin kirki ya rabu da matarsa da 'ya'yansa saboda ciwon da 'yan ƙwayoyi suka kashe. Shi ya sa yanzu idan na ga baƙo ya yi shiru, ba na cewa halinsa ne. Zama nake yi kusa da shi har ya yi magana.