Cibin Khaulat

A ƙauyenmu, gabas da Taura kaɗan, da wuya ka ɗaga rigar wanda bai kai arba'in ba ka rasa ganin aikin Inna Safara'u. Ita ce ungozoma. Ni ma ita ta yanke mini cibiya, kuma duk ranar da na yi mata gardama sai ta tuna mini. Ƙaramar mace ce mai saurin tafiya, mai tsoron mota da allura da duk wanda ya sa farar rigar asibiti. Amma idan naƙuda ta zo da gardama, ita kaɗai ce hannunta ba ya rawa.

Abin alfaharinta shi ne gashi. Takan ɗora kasko a wuta, ta ɗumama tsumma, ta riƙa danna cibiyar jariri safe da yamma har ta faɗi. A wurinta duk abin da ya sami cibiya, gashi ne maganinsa.

Sai ga jikarta Khaulat, 'yar ɗanta Maharazu, ta tashi da cibi. Ba lotsattsiyar cibiya irin ta kowa ba, wani ƙullutu ne kamar lemon tsami, in ta yi kuka ya ƙara fitowa. Mu mutanen garinmu, Allah ya shirye mu, bakinmu ba ya hutawa. Aka ce tsufa ya kama Inna, ta yi yankan ba daidai ba, kuma a kan jininta. Ba mai faɗa a gabanta, amma ta ji. Kullum da safe takan ɗora yarinyar a cinya ta tura cibin da babban yatsa, ya koma ciki da ɗan ƙugi, ya sake leƙowa. Khaulat ta yi ta dariya. Inna ba ta taɓa taya ta ba.

Da kaka abin ya faru, maza duk suna gona suna yankan gero, yarinyar tana cikin shekara ta huɗu. Fiddausi, uwarta, ta leƙo ta katanga ta kira ni, na ji muryarta ba daidai ba. Na tarar da Khaulat a kwance ta naɗe ƙafafu, ta yi koren amai. Cibin ya yi tauri kamar goruba, ya ƙi komawa. Inna ta tura, yarinyar ta ƙwalla wata irin ƙara.

Inna ta hura wuta ta ɗora kasko. Ba wadda ta hana ta, da gashin aka raine mu duka. Tun hantsi take yi har aka kira azahar. Fatar ta yi ja, sannan ta fara duhu. Kukan ya yi ta raguwa har ya koma nishi, kuma wannan ya fi ihun ban tsoro. Fiddausi na tsaye jikin ƙyaure, kunyar surukarta ta ɗaure mata baki, hawaye kawai take yi. Da ƙyar ta durƙusa.

"Inna, don girman Allah, ki bari mu tafi da ita."

Inna ta ce in aka kai ta can farke mata ciki za su yi. Ta sake miƙa hannu ga tsumman, sai muka ga hannun yana rawa. Ita ma ta gani. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a kira Maharazu.

A asibitin Taura suka duba suka ce a wuce Dutse yanzu-yanzu. Inna, matar da ta gwammace ta taka zuwa kasuwa da ta hau mota, ita ce ta fara shiga, ta rungume yarinyar. Duk tsawon hanyar yatsanta na ƙarƙashin hancin Khaulat. Ni kuwa fuskar Inna nake kallo, don na san a nan zan fara ganin labari.

Likitar da ta karɓe mu ba ta kai Fiddausi shekaru ba. Ta tambayi tun yaushe, ta tambayi wa ya ƙona fatar. Muka sunkuyar da kai.

"Ni ce, 'yar nan," in ji Inna.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce cibiya tabo ce kawai, shi kuwa cibi kafa ce a jikin naman ciki wadda hanji ke leƙowa ta ciki, yau ya leƙo ya maƙale. Aka shiga da Khaulat. Muka zauna a benci. Duk ƙofar da ta motsa sai mu miƙe.

Bayan isha'i likitar ta fito ta ce yarinya na da rai, sai dai sun yanke ɗan hanjin da ya riga ya mutu. Maharazu ya zube a ƙasa yana hamdala. Inna ta kama hannun rigar likitar.

"Kafar nan, yankan da na yi mata ne ya jawo ta?"

"A'a, Inna. Da ita aka haife ta. Ba ruwan rezarki."

Na ga kafaɗun Inna sun sauka, nauyin shekaru ya bar su. Amma ba ta saki rigar ba.

"To hanjin da kuka yanke fa? Da da hantsi muka zo?"

Likitar ta buɗe baki, ta sake rufewa. Inna ta saki rigar a hankali.

Khaulat ta warke, yanzu har ta shiga makaranta. Ana nan ana kiran Inna haihuwa, tana kuma zuwa. Kaskon yana gindin darbejiyar tsakar gidansu, kaji ne ke shan ruwa a ciki.