Shafukan da Ka Sa Na Yage, Nibaldo

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, Nibaldo Oyarzún ya rasu a birnin Valparaíso. Ciwon daji ne, kuma ko ɗayanmu bai gaya wa ba. Nibaldo, har yanzu fushi nake yi da kai.

Shekara goma sha ɗaya kana jan ragamar wasanmu na labari duk Asabar da la'asar, a bayan shagonka na ɗinkin littattafai. Kai ke ƙirƙiro duniyoyi da kumbunan sararin samaniya, mu huɗu kowa da jaruminsa, a jefa ɗan ludo a ga abin da zai faru. Shayi da burodi kullum naka ne, ko sau ɗaya ba ka bari mun kawo ba.

Jarumata Ilka mai karanta zukatan mutane ce. Dokarka ita ce in rubuta tarihinta a littafi, duk sanda ta leƙa zuciyar wani in yage shafi ɗaya in miƙa maka, ta manta abin da ke ciki har abada. Haka ta manta mahaifiyarta. Na ce wannan zalunci ne, ga jarumin wani ɗan wasanmu, mai bindiga, can yana harbinsa kyauta. Ka ce, "Ke Fresia, rigimammiya! In ta san komai a banza, me ya rage mana? Mu ci burodi mu watse?"

A watan Satumba, a kan dokar nan, na buga tebur na fice. Ka kira sau uku, na ƙi ɗauka. Girman kai rawanin tsiya, wata takwas ina ɗauke da shi.

Ranar jana'iza abokin wasanmu Hernán ya ce a ci gaba da wasan, a soke dokar tunda mai ita ya tafi. Ko ƙasar kabarinka ba ta bushe ba! Na ce wa Hernán ya taɓa dokar ya gani.

Sai matarka Ximena ta miƙo mini wani ƙaramin littafi. Shafukan nan ne da na yage, arba'in da bakwai, ka ɗinke su da zare, ka yi musu bango da sunan Ilka. Ta ce wasan ƙarshe ka shirya, a mayar wa Ilka da komai, ni kawai ake jira. Ni da na shekara goma ina faɗa a bar ni in karanta zuciya kyauta, na zauna gabanka kana ramewa ban ga komai ba. Me ya hana ka buɗe baki ka faɗa?

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kanka, ya yafe mini nawa. Ximena, ke da 'ya'yanku, Allah ya ba ku haƙuri. Dokar tana nan, Nibaldo. Ni zan tsare ta.