Hannun Tuwo da Hannun Mashi

Ni bahago ne, kuma bayan hannuna ya sha ludayi a kan haka. Kakata Iya Abu kaɗai ce ba ta taɓa buge ni ba. Da sanyi, in an gama cin tuwo, takan tara mu bakin murhu tana gasa mana gyaɗa tana mana tatsuniya. Ran da ta ga idona ya yi ja sai ta ce, "Matso nan, maigidana, ta yau taka ce."

Wai maharba biyu ne. Ɗaya gwani, mashinsa har kogi yake tsallakewa. Ɗayan bahago, an tilasta masa dama tun yana ƙarami har ta saba. Mai gari ya sa bijimi, ya ce kowa ya jefa da dama, ya sake da hagu, a haɗa nisan. Gwani ya cilla da dama, aka rangaɗa guɗa. Da ya koma hagu, saura ƙiris mashin ya soke masa babban yatsa. Bahago ya jefa nan, ya jefa can, ya ja bijiminsa.

"Dama ta tuwo ce," in ji Iya, "amma wa ya ce hagu 'yar rakiya ce?"

Na girma ina zaton don lallashina ta ƙago ta.

Aikin gadi ya kawo ni Doha. Lokacin korona, muna kulle a ɗaki a Ain Khaled, matata Hadiza ta kira ta ce 'yarmu Ummi ta gado ni, ana ɗaure mata hagu da ɗankwali, har ta fara gudun fensir. Na ce a bi a hankali, na yi shiru. Shirun nan ya daɗe yana cina.

Da gasar kofin duniya ta zo, aka tura ni gadin wani gidan tarihin wasanni. A bango ga hoton wani tsohon gwanin jifa ɗan Finland, riƙe da mashin katako. Abokin aikina Isaka, ɗan zangon Kumasi, ya karanta min bayanin.

"Ɗan'uwa, wai a zamaninsu da hannu biyu ake jifa, dama da hagu, a haɗa."

Na yi dariya har da hawaye. Ashe Iya ba ƙarya ta yi ba! Ranar na kira gida na ce, "Hadiza, khalas, ya isa haka, a kwance ɗankwalin nan. Ta ci da dama, ta rubuta da hagu."

Bayan mako guda aka turo min hoton takarda. "Baba" Ummi ta rubuta a jiki, rubutun ya karkace sak irin nawa.