Madubin Daren Maƙwabcina

A shekarun da kuɗin man fetur ya cika Libreville, shinkafa takan shigo da yawa har 'yan kasuwa su rasa inda za su ajiye ta. Ɓeraye da gafiyoyi suka samu wurin zama a ɗakunan ajiyar da ke bayan kasuwar Mont-Bouët. Ina da ƙaramin shago a unguwar Nombakélé, amma abin da aka san ni da shi daban ne. Ina da bindigar iska, na ɗaure mata tocila da roba, kuma hannuna ba ya rawa. Duk wanda ɓera ya dama, ni ake kira masa. Nakan je bayan isha'i, in yi aikina, a ba ni shayi, washegari a yi ta labarina a bakin masallaci. Wannan labarin ya fi mini komai daɗi.

Maƙwabcina mutumin Garwa ne, na girme shi, yana tuƙa wani Bature mai aikin rijiyoyin mai. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa bindigar iska da wata na'ura da ake ɗaurawa a kanta. Muka sa mata suna madubin dare. Ba ta buƙatar haske, zafin jikin dabba take nunawa.

Ranar farko ya kawo mini ita har shago, yana ta murmushi.

"Yaya, zo ka ga abin mamaki."

Muka shiga ɗakin ajiyar wani Alhaji mai shinkafa, ya kashe fitila, ya miƙo mini. Na sa ido. Buhuna duk sun yi toka-toka, amma a tsakaninsu ga ɓeraye nan fari fat, kamar an kunna su. Wani yana wanke fuska hankali kwance. Ni da tocilata, da zarar na haska sai su watse, sai in sami ɗaya ko biyu. Waɗannan ba su ma san da mu ba.

"Ya ka gani, Yaya?"

Na ce, "Ba laifi. Amma harbi a hannu yake, ba a madubi ba."

Na so a ce bai iya ba. Wallahi na so. Sai ga shi ya iya daidai gwargwado, na'urar kuma ta cika masa sauran. Kafin wata ya ƙare, kiran ya koma wurinsa. Har daga unguwar Awendjé ake zuwa da taksi a ɗauke shi. Wani mai gidan abinci a unguwar Louis ya riƙa aiko masa da gasasshen kifi. A bakin masallaci sai in ji ana cewa ya cika bokiti da ɓeraye a dare guda, ni kuwa in yi kamar ina neman takalmina. Har matata wata rana ta ce ko zan roƙe shi ya duba mana bayan kicin. Ban ci tuwon daren ba, na ce cikina ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kirkinsa. Da mai girman kai ne, da na samu abin faɗa. Amma kullum sai ya leƙo ya ce, "Yaya, mu je tare mana, kai ne malaminmu." Ni kuma in ce akwai ciniki, alhali babu kowa a shagon.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya, ya shirya tafiya gida. Da asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, riƙe da jakar na'urar.

"Babu wanda zan bar wa sai kai. Ka yi aiki da ita, kada mutane su sha wahala."

Na karɓa fuska a ɗaure, zuciyata kuwa tana tsalle. Na ce yanzu za su ga bambanci. Kuma na yi aiki, ban taɓa yin irinsa ba. A ɗakin Alhaji mai shinkafa na share gafiyoyin da suka gagari kowa, na jera su a bakin ƙofa don masu wucewa su gani.

Da safe Alhaji ya zo, ya dube su, ya jinjina kai. Na gyara tsayuwa.

Ya ce, "Kai, wannan madubi na yaron nan akwai albarka! Allah ya dawo mana da shi lafiya."

Mutanen da suka taru suka amsa da amin. Ni ma na amsa, don ba yadda zan yi.

Bayan damina ta tsaya ya dawo, mahaifiyarsa ta warke. Ya kawo mini tsarabar kilishi da hula. Na goge na'urar tas, na mayar masa, ya yi ta godiya har na ji kunya. Mun ci gaba da zama lafiya, ya sa wa ɗansa na fari sunana. Duk da haka, in na ji taksi ya tsaya a ƙofar gidansa bayan isha'i, sai na ɗaga labule na duba wa ya zo.